Sandar Da Na Cire Daga Labari

Tsufa ya kwashe abubuwa da yawa daga kaina, har wani lokaci sai in tsaya a tsakar gida ina tambayar jikokina abin da na fito nema. Amma akwai wani al'amari da ya same ni a Jos a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, wanda ko daga barci aka tashe ni zan ba da shi tiryan-tiryan. Ba zan manta da shi ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa, domin ni ne na yi abin kunyar da ke cikinsa.

A lokacin ni kafinta ne, ina da 'yar rumfata a kasuwar Katako, muna zaune a Tudun Wada da matata da mahaifiyarmu. Tun ina saurayi na koyi aikin a hannun wani Ibo, na yi shekara bakwai a ƙarƙashinsa, don haka yarensu ya zauna daram a bakina. Shi ya sa a cocinmu, duk ranar da wani Ibo zai yi magana a gaban jama'a, ni ake kira in mayar da ita Hausa, tunda yawancin masu sujada da mu Hausa suke ji. Abokai suna tsokanata wai kafinta ranar Litinin, tafinta ranar Lahadi. Ina son aikin, ba zan ɓoye ba, ina son yadda ido ke dawowa kaina. Kuma mu tafintoci muna da wata ɗabi'a da kowa ya sani amma ba a faɗa. Idan mai magana ya yi sanyi, sai mu ɗan ƙara masa gishiri kada jama'a su fara gyangyaɗi. Ba mu taɓa kiran abin ƙarya ba, taimako muke ce masa.

Ina da ƙane guda ɗaya, shi ne na farko a zuriyarmu da ya taka jami'a. Tarihi yake karantawa a jami'ar da ke can Titin Bauchi, ni kuwa Farfesa nake ce masa don in ba shi haushi. Shekararsa ta biyu ke nan sai ya daina zuwa coci. Bai fara shan giya ba, bai yi rashin kunya ga kowa ba, kawai dai ya ce shi ya daina yarda da labaran al'ajibi da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Wai makafi sun gani, guragu sun tashi, matacce ya fito daga kabari, duk ya ce labarai ne da suka bi ta bakin mutane suka kumbura kafin a rubuta su.

"Yaya," in ji shi, "ka taɓa ganin labarin da ya bi ta baki uku bai yi ƙiba ba?"

Na yi ta gardama da shi har na gaji. In na kawo ɗaya ya kawo uku, ga shi da sanyin murya, ni kuwa sai zafin rai da ɗaga hannu. Mama ita ba ta gardama, kuka take yi. Wata rana da safe ina shirin fita aiki ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ubanku ba ya duniya, kai ne babba. Ka dawo mini da ɗana kafin in mutu." Wannan magana ta zauna mini a ƙirji, da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Ana cikin haka aka shirya taron farkawa na mako guda a cocinmu, cikin damina. Mama ta yi ta roƙonsa har ya yarda zai zo rana ɗaya, ranar Lahadi da la'asar, don kunyarta kawai. A ranar aka gayyato wata mata Ibo daga wata coci ta zo ta ba da shaida. Na san ta, mijinta katako yake sayarwa a layin da ke bayan namu, kowa Madam yake ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, ta isa ciniki amma ba ta isa dogon bayani ba, saboda haka aka kira ni na tsaya kusa da ita. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kwanon rufi yana ta ƙara, ita kuma tana magana a hankali. Kusan ni kaɗai nake jin ta sosai.

Ga abin da ta faɗa, kuma har yau ina riƙe da shi. Ana sauke katakon maɗaci daga babbar mota sai igiya ta tsinke, lodin ya zubo wa mijinta a ƙafa. Wani Alhaji maƙwabcinsu a kasuwa shi ya ɗauke shi a motarsa zuwa asibiti. Ciwon ya ruɓe, likita ya ce idan kwana uku suka wuce ba canji, ƙafar za a yanke. Ta ce ta yi fushi da Allah, kwana biyu ta ƙi yin addu'a, matan zumuntar cocinsu ne suka riƙa yi a madadinta. Ana dai ta yi masa allura. Rana ta uku likita ya kwance bandeji, ya daɗe yana dubawa, ya ce a bar ƙafar, shi kansa bai yi zaton haka ba. Mijin ya yi wata biyu a gadon asibiti, yanzu ya je gida can kudu yana hutawa, kuma da sanda yake tafiya.

Ina jin ta, idona yana kan ƙanena. Yana can benci na ƙarshe, ya harɗe hannu, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Sai na ce a raina, wannan labarin ba zai motsa Farfesa ba, zai ce allura ce ta yi aiki. Kai, shaiɗan bai da kunya! Na buɗe baki na fara gyara. Na ce likita ya riga ya wasa wuƙa. Na ce matar nan ta durƙusa da bangaskiyar da ba ta girgiza ba ko sau ɗaya. Na ce ba allura ba ƙwaya, a wannan sa'a mutumin ya diro daga gado ya taka da ƙafa biyu har gida. Fushinta na cire, allurar na cire, wata biyun na cire, sandar ma na jefar da ita.

Coci ta kaure da Halleluya, mata suna guɗa, mai ganga ya kasa haƙuri ya fara kaɗawa. Madam ta dube ni da mamakin yadda 'yar maganarta ta tayar da wuri haka, amma da ƙarar ruwa da saurin bakina ba ta kama abin da na ce ba. Ibo ɗin da ke wurin ba su da yawa, kuma sun saba da halina. Na dubi ƙanena na ga ya kwance hannunsa ya sunkuyar da kai. Wallahi a ranar na koma gida ina jin kaina kamar wani manzo.

Bayan kwana tara, ranar Talata da hantsi, ina goge wani benci a rumfa sai ga ƙanena ya sauko daga bas. Bai taɓa zuwa wurin aikina haka kawai ba. Ya share dusar katako ya zauna, sannan ya ce, "Yaya, labarin matar nan ya hana ni sakat. Idan abin nan ya faru a garin nan, a bana, to ba ni da bakin cewa na da can bai faru ba. Kai ni in ga mutumin da idona."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Murna ta zo, tsoro ya biyo ta a guje. Abin da Mama ke kuka a kai ga shi ya zo har rumfata da ƙafarsa, amma ni na san a kan me ya tsaya. Na ce masa mutumin ya yi tafiya, sai wani lokaci. Ban rufe baki ba na hango Madam ta karyo kwana, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana tafe kamar za ta tsaga ƙasa. A bayanta mijinta ne, ashe ya dawo, yana ɗingishi yana dogara sanda.

Ko gaisuwa ba ta yi ba. "Oga tafinta," in ji ta da irin Hausarta, "kai ne ya ce mijina ya tashi ya gudu gida? Duba shi. Wannan a hannunsa mene ne? Sanda ne ko ba sanda ba?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai Madam ba haka ba ne, ruwa ne ya hana ni ji sosai. Ta ce in rufe mata baki. Ashe labarin ya zaga kasuwa har ya isa kunnen Alhajin da ya kai mijin asibiti, wanda kuma ya riƙa zuwa duba shi duk wata biyun nan. Shi ne ya tare ta ya ce, Madam, haka kuke yi a coci? Ta ce ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Allah ya bar masa ƙafa, bai ishe ka ba?" in ji ta. "Allahna ba ya neman ƙarya ya taimake shi. Lahadi zan zo cocinku, zan faɗi kuma, za ka faɗi daidai."

Mijin kuwa ya tsaya yana kallona, kuma kallon nan ya fi zagi ciwo. Da suka tafi sai ƙanena ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa.

"Yaya, kai ka rene ni, ban taɓa jin ka cuci wani ba. Matar tana tsaye kusa da kai, amma cikin minti goma ka mayar da gurgu mai gudu. To waɗanda suka rubuta Linjila bayan shekara da shekaru fa? Na gode, ka ba ni amsar da malamaina ba su iya ba ni ba."

Ya tafi ya bar ni da benci a gaba. Garin neman gira na rasa ido.

Da la'asar na rufe rumfa na nufi gidan fastonmu, wani tsoho da muke kira Baba. Na same shi a bayan gida yana cire ciyawa a 'yar gonar kabejinsa. Ba tuba na je yi ba, in faɗi gaskiya. Na je ne in roƙe shi ya lallashi Madam a bar maganar ta mutu, kada a tozarta coci. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba, sannan ya tambaye ni kwana nawa ƙaryata ta yi a duniya. Na ce tara. Ya ce wa ya kashe ta. Na ce matar, da mijin, da Alhaji.

"To ka gani," in ji shi. "Waɗanda suke wurin. Ɗaya ma ba addininmu ɗaya da shi ba. Kana tsammani lokacin da almajirai suka fara ba da labarin Yesu a kasuwannin garin da aka gicciye shi, babu irin su Madam a raye? Babu irin su Alhaji? Har masu neman su kama su da ƙarya ma akwai, kuma su ke da mulki a hannu."

Na ce, "Baba, ai wannan maganar ita zan kai wa ƙanena."

Ya ce, "Ba za ka kai masa kome ba. Bakinka ba shi da daraja a wurinsa yanzu, kai ka zubar da ita." Sai ya sa na lissafa masa abubuwan da na cire daga labarin. Na lissafa, kaina a ƙasa. Ya ce in lura da kyau, duk abin da na cire abu ne da ke rage wa labarin armashi ko yake rage wa mai shi girma. "Mai ƙarin gishiri ba ya barin sanda a cikin labari, ɗana. Ka je ka mayar da sandar inda ka same ta. Abin da zai biyo baya ba naka ba ne."

Na ce idan na tsaya a gaban jama'a na ce na yi ƙarya, shi ke nan na rasa ƙanena har abada, kuma Mama ba za ta yafe mini ba. Baba ya ce da in riƙe shi da ƙarya gara in rasa shi da gaskiya, domin wanda aka ɗaure da ruɓaɓɓiyar igiya dama ba a ɗaure yake ba. Ya koma kan ciyawarsa.

Kwana huɗun nan ban ji daɗin abinci ba. Na gaya wa Mama da bakina. Ba ta zage ni ba, ta dai juya mini baya ta ci gaba da tankaɗe, kuma na fi son da zagina ta yi. Na aika wa ƙanena saƙo cewa ranar Lahadi zan gyara abin da na ɓata, ban sa rai zai zo ba.

Ranar Lahadi da safe Baba ya kira ni gaba. Na fita na ce, jama'a, shaidar da kuka ji a bakina ba ita matar nan ta bayar ba, ni na ƙara, ni na rage, ku gafarce ni.  Madam ta taso ta sake ba da labarinta, wannan karon tana faɗin jimla ɗaya ta tsaya ta zuba mini ido, ni kuma in mayar da ita yadda take. Da na kai wurin da ta ce ta yi fushi da Allah ta ƙi addu'a kwana biyu, sai wata tsohuwa a layin gaba ta fashe da kuka tana cewa, "Ni ma, ni ma." Da muka kai ƙarshe mijin ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga sandarsa sama, sannan ya buga ƙafar da aka ce za a yanke a ƙasa sau biyu. Ba wanda ya yi guɗa, ba a kaɗa ganga ba. Mutane dai suka yi ta cewa amin a hankali.

Da aka tashi na fito ina neman inda zan ɓoye fuskata, sai na ga ƙanena jingine da bango kusa da taga. Ashe tun farko yana nan, bai shiga ba. 

"Wannan labarin na biyu ya fi wuyar jefarwa," in ji shi. "Naka na san yadda zan yi da shi. Nata ban sani ba." Sai ya miƙo hannu ya karɓi Littafi Mai Tsarki da ke hammatata. "Ara mini. Zan je in nemi gishirin da ke ciki. Yanzu na san kamanninsa, kai ka nuna mini."

Kada mai karatu ya zaci Lahadi mai zuwa ya dawo. Bai dawo ba. Damina ta wuce, wata daminar ta zo ta wuce, Mama tana ta addu'a, ni kuwa aka dakatar da ni daga tafinta wata shida, kuma na cancanta. Ban sake buɗe baki na yi masa gardama ba. Sai wata safiyar Ista, ana tsakiyar waƙa, ya shigo ya zauna kusa da Mama. Ta kama hannunsa ba ta sake shi ba har aka tashi. Na tambaye shi daga baya abin da ya faru, ya ce, "Ban gama tambayoyina ba, Yaya. Amma mutanen nan ba irinka ba ne a ranar nan." Haka ya rayu, mai bi ne mai yawan tambaya, har fastoci suna gudun zama kusa da shi a wurin biki.

Littafin nan kuwa bai taɓa mayar mini da shi ba. Sai bayan rasuwarsa matarsa ta kawo mini, bangon ya yage, takardun sun yi ja. Na buɗe na ga a gefen shafuka ya zana wani ɗan abu da fensir, nan da can, ƙaramin layi mai lanƙwasa a kai. Na daɗe ina kallo kafin na gane sanda ce. Ya zana ta a wurin da almajirai suka yi ƙoƙarin warkar da wani yaro suka kasa a gaban jama'a. Ya zana ta a wurin makahon da bai gani sosai ba da farko, sai da aka sake taɓa idonsa. Akwai ta inda babban almajirin ya rantse bai san Ubangijinsa ba don tsoron wata baiwa, da inda mata suka kawo labarin tashinsa mazan suka ɗauke shi shirme. Akwai ta har a wurin da aka ce sun gan shi da idonsu bayan ya tashi, amma waɗansunsu suka yi shakka. Na fara ƙirgawa na bari, hawaye ya hana ni gani.

Ni kafinta ne, ba malamin tauhidi ba, kuma na san akwai masu ilimi da za su ce wannan bai isa hujja ba. Amma na taɓa yin ƙarya don Allah, na san yadda ake yin ta, na san abin da hannun maƙaryaci ke fara cirewa. Waɗanda suka rubuta labaran nan sun bar nasu abin kunyar a ciki, sun bar shi a fili inda maƙiyi zai gani. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk matashin da ya tsaya yin tafinta a cocinmu: ka faɗi abin da Allah ya yi daidai yadda ya yi shi, ko da a ganinka ya yi kaɗan. Ƙaryata ta cika coci da guɗa ta kore mini ƙane. Gaskiyar matar nan, da fushinta da allurarta da sandar mijinta, ita ta dawo wa Mama da ɗanta.